Harajin Tsakar Rana

A Whyalla, bakin teku, garin narka ƙarfe,
shekara talatin na yi ina gadin bakin tanderu.
Da suka sallame ni, kuɗin sallamar
ban kai banki ba, na ɗora su kan rufin kwano:
faranti goma sha huɗu, baƙaƙe wuluk,
fuska sama, suna kiwon rana.

Ottilie ce ta riƙe mini tsani.
Ta ce, "Gerhard, sauko a hankali,
gwiwarka ba ta ji labarin ka yi arziki ba."
Shekarar nan mita ta koyi tafiya da baya,
muka tsaya gabanta da kofin shayi
kamar masu kallon tatatar ɗan fari,
tana dariya, ta dafa kafaɗuna.

Yau wasiƙa ta zo, babu mai karanta mini.
Hunturu uku ke nan tana kwance bayan coci.
Na lalubo tabarau. Hukumar ƙayyade farashi ta ce:
wutar da ka tura layi daga hantsi zuwa azahar,
in ta haura mudun da aka yafe maka,
kai ne da biya.
Wadda ka turo bayan magariba, mu ne da biya.
Sau biyu na karanta, na ja kujera na zauna.

Ashe abin da na ɗauka kyauta nake kaiwa
kaya ne, har da kuɗin dako.

Daren Laraba aka tara mu a zauren gari.
Wata injiniya, Sunniva, sa'ar jikata,
ta zana layi ɗaya a allo ta ce:
"Wayar nan kwata ce, gangara ɗaya aka gina ta.
Yanzu da tsaka kowane rufi ambaliya yake,
taransifomar kan kwana har nishi take.
Da dare kuwa, tukwane bisa wuta, kowa ƙishi."
Muka yi mata ca. Wani ya ce an sa wa Allah haraji.
Ta bari ƙurar ta lafa, ba ta ɗaga murya ba,
ni dai na tafa wa mai wancan magana.

Sai Perpetua ta miƙe, maƙwabciyata,
mai jinyar dare a asibiti, 'ya'ya biyu, gidan haya.
Ta ce, "Rufin da nake kwana ƙarƙashinsa ba nawa ba ne.
In an faɗaɗa waya domin rararku,
a takardata kuɗin zai ɓullo."
Iyakar abin da ta faɗa ke nan.
Ita ce ke miƙo mini miya ta kan shinge ran Lahadi.
Na sunkuya ina duban tafin hannuna.

Ɗiyata ta bugo daga Adelaide: "Baba, sayi batir,
ka ɗaure rana a rumbu, ka sayar da ita da dare."
Mai talla ya zo, takalmi sai sheƙi,
ya ce a shekara tara zai mai da kuɗinsa.
Saba'in da shida nake.
Ban tambaye shi wa zai karɓi canjin ba,
na dai ce ya bar takardar, zan auna.

Har yau ban gama aunawa ba.
Amma sha biyu na yi, sa'ad da Perpetua ke barcin gajiya,
kwandon wankinta na bakin ƙofata.
Injina na juya fararen rigunan asibiti
da safar yara, ƙafa ɗaya ja, ɗaya shuɗiya.
Mita na tsaye cik, ba gaba ba baya.
Hukuma ba ta ci ba, ni ma ban ci ba.
Igiyar da Ottilie ta ɗaura ta sake yin nauyi,
iska na kaɗa kayan da ba nawa ba
a tsakar gidana.